Kanwar Gwaggo Hure

Tsamiyar Mati, ƙasar Makoɗa
14 ga Yuni, 1987

Zuwa ga taubashiyata Jumma, a barikin soja na Ibadan,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Kofur Basiru da yara. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Ruwa ya sauka, mun yi shuka sau biyu don ta farko rana ta ƙone ta. Takin zamani bana sai dai mu ji labarinsa a rediyo, albashinmu na malaman firamare ma ya koyi halin takin.

Na san ba ki taɓa ganin na zo miki da magana babu wasa a ciki ba, to yau kin gani. Inna ce ba ta jin daɗi, Gwaggonki Hure. Tun farkon azumi take kukan ciwon kai da jiri, tana cewa rana ce. Da ƙyar na lallaɓa ta muka shiga birni, babban asibiti. Likita ya ɗaura mata abin awo a dantse, ya matsa, ya sake matsawa, sannan ya dube ni ya ce hawan jini ne, kuma ya hau sosai. Ya rubuta magani iri biyu, wata ƙaramar farar ƙwaya da safe, da wata rawaya safe da yamma. Ya ce ta bar gishiri. A asibitin babu ko ɗaya daga cikinsu, sai da na zaga Sabon Gari ƙafata ta yi bororo kafin na samu na wata guda.

Gishirin ta bari, tana cin tuwo da miya lami tana hararar kowa. Ciwon kan ya ragu. Amma yau sati biyu ke nan jikinta ya mutu, sha-raɓarta tana ɗaurewa har sai an murza mata. Matar da take surfa kwano uku ba ta tsaya ta huta ba, yanzu taɓarya ta fi ƙarfinta.

Ba ta faɗa, amma na san abin da yake ranta. Kin san yadda aka yi da Kawu Dabo, mahaifinki, Allah ya jiƙansa. Da ciwon kai ya fara, aka wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, ya shekara biyu a kwance, kuma ita ta yi jinyar yayan nata har ƙarshe. Jiya na shigo na same ta tana ɗaga hannun hagu tana juya shi tana kallo. Da ta gan ni sai ta ce wai ƙuda take kora.

Ke ce kike wuni cikin magunguna a ɗakin ba da magani na asibitin barikinku. Na kwafo miki sunayen ƙwayoyin a bayan takardar nan, harafi bayan harafi, da rubutun malamin makaranta, ba irin tonon kajin likitocinku ba. Ki duba mana, shin maganin ne yake kashe mata jiki, ko kuwa abin da muke tsoro ne yake tahowa? In kuma akwai hali ki aiko da wani, don na wata gudan ya kusa ƙarewa.

Ɗanliti direban motar shanu zai taso jibi, shi zai kawo miki. Inna tana gaishe ki, ta ce kada in tayar miki da hankali. Kin ga yadda na bi umarninta.

Ubangidanki, ko kin ƙi ko kin so,
Malam Sammani

* * *

Ibadan
27 ga Yuni, 1987

Zuwa ga Sammani, wanda yara suke ce wa Malam don ba su san shi ba,

Wa'alaikumus salam. Na amsa gaisuwa, kuma duk muna lafiya. Baban yara yana gaishe ka, ya ce Allah ya ba Gwaggo lafiya. A nan ma rayuwa ta yi tsada, layin madara da sabulu ya fi layin marasa lafiya tsawo, amma mun gode Allah.

Takardarka ta same ni a wurin aiki, sai da na shiga sito na yi kukana na share ido sannan na fito. Matar da ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyata, a ce tana zaune tana duba hannunta ita kaɗai. Ka kyauta da ka ƙi bin umarninta, wannan ne karo na farko da rashin jin maganarka ya yi amfani.

Na nuna wa babban mai haɗa magani na nan sunayen. Ya ce daidai likitan ya rubuta, kuma tare ƙwayoyin biyu suke aiki. Bari in yi maka bayani a hankali yadda kai ma za ka gane. Rawayar tana sassauta jijiyoyin jini, don jinin ya samu hanya ba matsi. Farar kuwa a ƙoda take aikinta. Ƙoda kamar rariya ce, ita take tace jini, ta riƙe abin da jiki yake so, ta tura saura cikin fitsari. Gishiri in ya yi yawa a jiki ruwa yake riƙewa, ruwan ya cika jijiya, jini ya hau. Farar ƙwayar tana sa ƙoda ta zubar da gishirin da ruwan da ya tara. Shi ya sa aka hana ta ci, don ba amfanin a riƙa kwashe ruwa daga ɗaki wani yana zuba sabo ta taga.

Inda matsalar take, farar ƙwayar ba ta iya zaɓe ba. In tana korar gishiri takan haɗa da wani sinadari da naman jiki da zuciya suke aiki da shi. In ya yi ƙaranci sai jiki ya mutu, ƙafa ta riƙa ɗaurewa. Ni da mai haɗa maganin muna zaton abin da yake damun Gwaggo ke nan, ba irin ciwon Baba ba ne. Ka zauna kusa da ita ka gaya mata haka, ka ce ni na ce. Kuma abu ne mai gyaruwa.

Na samo mata na wata uku, kowanne iri, na ƙulle a leda. Kada ta tsallake ko rana ɗaya don ta ji sauƙi, wannan ciwo ba ya sallama, lafawa kawai yake yi. In za ta tashi daga kwance ta fara zama tukuna, don rawayar takan kawo jiri.

Ɗanliti yana waje yana danna min hon kamar ni na hana shi lodin goro, bari in ƙarasa. Sunan sinadarin fotashiyam. A abinci ake samunsa, ba sai an je kyamis ba: wake, zogale, dankali, tumatir, dabino, da ayaba in an samu. Ta riƙa cin ɗaya daga ciki kullum. Kada kowa ya ƙara mata wata ƙwaya a kan waɗannan, ko waye shi, sai likitan da ya rubuta su ya gani. In sati biyu ya wuce ba ta warware ba, ku koma a auna jininta.

Uwar ɗakinka tun kana yawo ba wando,
Jumma

* * *

Tsamiyar Mati
12 ga Yuli, 1987

Zuwa ga Likita Jumma, wadda ta koyi Turanci ta manta sunan kayan miya,

Salamu alaikum, da fatan alheri gare ku baki ɗaya. Muna lafiya. Gero ya yi kyau, mun gama noman farko, gyaɗa ma ta rufe ƙasa. Saƙonki ya iso, Allah ya saka da alheri, ya raya zuri'a. Da na karanta wa Inna inda kika ce ba irin ciwon Kawu ba ne, sai ta ce in maimaita. Na maimaita sau uku. Ranar ta ci abinci sosai.

Sai dai ruwa ya kama su Ɗanliti a hanya, tamfol ɗinsa kuwa ya fi rariyar da kika ambata huji. Maganin ya tsira saboda leda, amma takardar a aljihun gaba ya saka ta, ƙasanta ya jiƙe, tawadar ta bazu. A sakin layi na ƙarshe abin da ya fito shi ne "Sunan sinadarin fotash", sai can ƙasa "ta riƙa", sai "kullum". Sauran duk shuɗin ruwa ne.

Ba komai, wanda ya yi kwalejin horon malamai ba sai an tauna an ba shi a baki ba. Fotash ai kanwa ce da Turanci, haka 'yan kudu masu sari suke kiranta a kasuwa, ko jakin da yake ɗauko ta ya sani. Da kin ce kanwa kawai da kin huta da tawada. Ikon Allah, magani yana rataye a madafa muna can muna zaga Sabon Gari.

Ranar kasuwa na je na zaɓo jar kanwa mai kyau. Ana jiƙa ta, tana shan rabin moɗa safe da yamma, kuma na ce duk kunun da za a dama mata ya zama na kanwa. Ran farko ta kai baki ta ɓata fuska, ta yi wata magana ƙasa-ƙasa. Na ce Jumma ce ta rubuto. Sai ta kafa kai ta shanye.

Motar Ɗanliti ta kwanta, wai ƙarfen da ya karye yanzu ba a samunsa ko a birni. Wannan a gidan waya zan jefa ta in na shiga Dambatta. Sai na ji daga gare ki.

Malam Sammani, mai fassara

* * *

Tsamiyar Mati
16 ga Agusta, 1987

Jumma,

Salamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta ɓoye ki. An yi babbar salla an gama ba mu ji ɗuriyarki ba. Kullum na dawo daga makaranta Inna sai ta dubi hannuna kafin ta dubi fuskata.

Jikin ba daɗi. Sati biyu da fara kanwar ƙafafunta suka kumbura, in ka danna da yatsa sai ramin ya zauna. Ciwon kai ya dawo, ya fi na da. Tafiya birni yanzu ba abu ne mai sauƙi ba, mota sai an yi dace, don haka na ɗauko Nababa, malamin asibitin sha-ka-tafi na garinmu. Mutumin kirki ne, da kekensa ya zo cikin ruwa. Ya auna, ya ce jinin ya wuce inda likita ya same shi. Ya ce tunda maganin birni ya gaza sai a taimaka masa, ya ba da wata ƙwaya mai tsaga a tsakiya, ya ce tana sauke kumburi ta fitsari.

Kumburin ya ragu, fitsari kam tana yi har tana jin kunya. Amma ƙarfin sai ƙara tafiya yake. Na tuna bayaninki cewa ƙwayar fitsari tana korar fotash, na ce tunda yanzu masu korar sun zama biyu, sai a ninka abin da ake mayarwa. Moɗa cike take sha yanzu. Duk da haka ban ga canji ba.

A zaune take salla. Shekaranjiya ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta, na ji zuciyar tana bugawa tana tsallake ɗaya, tana sake kamawa. Ta ce min, "Sammani, in abin ya zo kada ku wahalar da kanku shekara biyu." Na ce ta daina irin wannan magana, na fita zaure na zauna.

Ban san me zan ƙara yi ba. Na bi duk abin da kika ce. In wata magana na faɗa a takardar baya ta ɓata miki rai, wasa ne irin wanda muka saba. Ki yi fushi da ni in kina so, amma ki amsa saboda ita.

Malam Sammani

* * *

Ibadan
2 ga Satumba, 1987

Sammani,

Wa'alaikumus salam, muna lafiya, gaisuwar ta tsaya nan. Takardunka biyu yau suka iso tare, a ɗaure da roba ɗaya. Ta Yuli kwana hamsin ta yi a hanya.

A daina ba ta kanwa. Kafin ka karanta layi na gaba, tashi ka zubar da wadda aka jiƙa.

Ban rubuta fotash ba, fotashiyam na rubuta, kuma a ƙarƙashinsa na jera abinci ne, wake da zogale da dankali da dabino. Sunan da 'yan kasuwa suka laƙaba wa kanwa da Turanci ne ya yi kama da shi, amma abin da yake cikinta ɗan'uwan gishiri ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Likita ya kori gishiri ta ƙofa, kai ka riƙa shigo da shi ta katanga sau biyu a rana. Shi ya kumbura mata ƙafa, shi ya tayar da jinin, ba maganin birni ne ya gaza ba. Bayan haka kanwa tana sa ƙoda ta ƙara zubar da ainihin sinadarin da muke nema mata. Ba banza aka ce mata uwar gami ba.

Ƙwayar Nababa da farar ƙwayar likita suna biyu ne, aiki ɗaya. In aka haɗa su ba tare da awon jini ba, tas suke wanke sinadarin daga jiki, kuma da shi zuciya take riƙe bugunta. Tsallaken da ka ji da hannunka ke nan. Na rubuta a waccan takardar kada a ƙara mata komai, ruwa ya cinye.

Ka kai ta babban asibiti a ranar da wannan ta same ka, ko a amalanke ne. Ka tafi da ƙwayoyin duka uku, da gutsuren kanwar a hannunka, ka ajiye a gaban likita ka gaya masa nawa take sha da tun yaushe. Ka roƙi a auna jininta. Rawayar kada ka tsayar da ita da kanka, in aka yanke ta farat ɗaya jini yana iya tashi fiye da da. Likita ne zai ce a rage wannan ko a bar wancan.

Da ka ga ruwa ya cinye rabin magana, me ya hana ka ce ban gane ba? Me ya hana ka kai wa likita takardar ya duba? Ashe gara Gwaggo ta kwanta da a ce akwai kalmar da Malam Sammani bai sani ba? In abin da ya sami Baba ya same ta, ban san da wane ido zan dube ka ba.

Alhaji Tasi'u mai fataucin shanu zai hau jirgin ƙasa gobe. Ya yi min alkawari ba zai sauke jakarsa a gida ba sai ya damƙa maka wannan hannu da hannu.

Jumma

* * *

Babban asibiti, Kano
13 ga Satumba, 1987

Jumma,

Salamu alaikum. Inna tana raye, bakinta bai karkace ba, hannu da ƙafa duk suna motsi. Na fara da wannan don ki zauna ki karanta sauran.

Ranar da Alhaji Tasi'u ya hau jirgi, ranar ta faɗi. Da hantsi ne, ta lallaɓa za ta juya kuɓewar da aka shanya, sai matata ta ji ƙarar tire. Aka kira ni daga aji. Na same ta a ƙasa idonta a rufe, kuma wallahi fuskar Kawu Dabo na gani. Ta farfaɗo kafin mu samu mota, muka shimfiɗa ta a bayan akori-kura a kan buhunan gero muka taho.

Likitan da ya karɓe mu ya duba ƙwayoyin ya tambaye ni ko tana shan wani abu ban da su. Na gyara tsayuwa na ce masa, da Turancina, tana shan fotash safe da yamma bisa shawarar 'yar'uwarmu ma'aikaciyar asibiti. Ya gyaɗa kai ya ce madalla, ya rubuta. Shi ya ɗauka irin nasu nake nufi, ni na ɗauka ya yaba min. Kayan awon jini sun yi ƙaranci a nan, sai wanda ya fi buƙata ake yi wa, kuma maganata ta cire Inna daga cikin masu buƙatar. Kwana biyu muna nan, kwalbar ruwan kanwa tana ƙarƙashin gadonta, ina ba ta a kan lokaci.

Ranar Asabar bayan azahar sai ga Alhaji Tasi'u da jakarsa a kafaɗa. Ya je Tsamiyar Mati aka ce muna birni, ya juyo bai ko sha ruwa ba. A baranda na karanta. Da na zo inda kika ce in tashi in zubar, na tashi na zubar, sannan na dawo na ƙarasa.

Na sami likitan a ofis, na ajiye masa takardarki da dunƙulen kanwa a kan tebur. Ya ɗauka ya juya ta, ya ɗan lasa, ya ce, "Malam, wannan ce fotash ɗin?" Na ce ita ce. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya tashi da sauri ya sa aka ɗebi jininta aka kai wani wuri a cikin gari. Sakamakon ya fito kamar yadda kika faɗa. Suka cire ƙwayar Nababa, suka ɗaura mata ƙarin ruwa mai ainihin sinadarin, a hankali, ana sauraron zuciyarta. Ya ce faɗuwar ba shanyewar jiki ba ce, zuciya ce ta yi tuntuɓe, kuma da an ƙara kwana biyu a haka da wani labarin ake yi.

Kwana uku bayan nan ta tashi zaune da kanta. Shekaranjiya ta taka zuwa banɗaki ba a riƙe ta ba. Yau ta yi faɗa da mai rabon abinci a kan tuwo bai tuƙu ba, har majinyatan ɗakin suna yi mana barka. Jinin yana sauka da ƙwayoyin nan biyu na farko, ba a ƙara komai ba.

Tambayar da kika yi min ba ni da amsarta sai guda ɗaya. Kunya na ji. Na ga ke kin tafi kin yi nisa, ni ina nan ina koya wa yara baƙi da wasali, sai na so ki ga ni ma na san wani abu. Shekara goma sha ɗaya ina gaya wa 'yan aji duk wanda bai gane ba ya ɗaga hannu. Ba sai kin nemi idon da za ki dube ni da shi ba, ni ma ban samu nawa ba tukuna.

Sammani

* * *

Ibadan
25 ga Satumba, 1987

Ɗan'uwana Sammani,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Alhamdu lillahi. Na karanta layinka na farko na yi sujada a tsakar ɗakin magani, abokiyar aikina ta ɗauka faɗuwa na yi. Muna lafiya, kuma yau ne na ci abinci na ji ɗanɗanonsa.

Ka yafe min. Tsoro ne ya riƙe alƙalamin nan, ya rubuta abin da ya fi laifin girma. Wanda ya zaga Sabon Gari a ƙasa, ya murza mata ƙafa, ya tsaya gaban likita ya tona kansa, ba shi ne ya cancanci wannan magana daga wadda take nesa ba.

Kuma laifin ba naka ne kai kaɗai ba. A gidan nan na tashi. Na san ba a dafa wake ko a kaɗa kuka ba a jefa kanwa ba, amma da ake maganar barin gishiri ko sau ɗaya ban ambace ta ba, har wake na ce ta ci. Na jefo muku kalmar da ba ta da gida a Hausa, na bar ku da ita. To ga shi a fili: ba gishiri, ba kanwa, ba dunƙulen ɗanɗano na kanti a abincinta. Wake a jiƙa shi tun da wuri, zai dahu ba kanwa. Ka gaya wa Nababa abin da ya faru cikin mutunci, don ba Gwaggo kaɗai ce mai hawan jini a garin ba.

Wannan takarda leda biyu na sa mata. Ka mayar da Malam ɗinka gaban suna, bai dace da kai ba, amma na saba da shi.

Taubashiyarka,
Jumma

* * *

Tsamiyar Mati
18 ga Oktoba, 1987

Jumma 'yata,

Ni ce Hure nake magana, Sammani yana rubutawa. Na ce masa in ya ƙara ko ya rage Allah yana gani. Ina gaishe ki, ina gaida mijinki da jikokina. Na dawo gida sati uku ke nan. Jiya na je gona da ƙafata na ga gyaɗar da aka cire, ta yi 'ya'ya ba laifi. Na zauna na tsinke kwando guda, da sun bar ni da na yi biyu. Ƙwayoyina biyu ina sha, zogale kuwa na ci har na fara jin tausayin bishiyar. Miya lami ce har yanzu, amma an ce in sa tafarnuwa da daddawar da ba a barbaɗa wa komai ba, ana dai haɗiyewa.

Ya karanta min takardunku duka, har wadda ya so ya tsallake. Na ji kuna ta rabon laifi, ke ki ja shi ya ja, ba wanda ya ajiye min nawa kason. To ku ba ni. Ranar da yaron nan ya kawo min moɗar farko, ina kai baki na ce wannan ai gishiri ne ya canza riga. Shekara arba'in ina girki, na san kanwa ƙanwar gishiri ce, harshena bai yi boko ba amma bai taɓa yi min ƙarya ba. Da ya ce ke kika rubuto sai na yi shiru. Na ce yaran da na raina sun yi karatu, ina ni ina musu da takarda. Nan gaba in abu bai yi min ba zan faɗa da ƙarfi, ku kuma ku saurara, ko da kun fi ni sanin sunansa.

Matan unguwa sun ji labari, yanzu duk mai shan ƙwayar hawan jini sai ta aiko a tambaye ni me ake ci me ake bari. Nababa ma ya zo ya zauna a tabarma ya kwafi takardarki a littafinsa. Sammani yana dariya wai na zama likita. Rubuta, ban ce ka tsaya ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Lokacin da mahaifinki yake kwance kina can makaranta, ba ciwon ne ya fi ci masa rai ba. Sunanki yake so ya kira. Sai ya tattara ƙarfinsa duka, bakin ya buɗe, sunan ya ƙi fitowa, ya yi ta hawaye ina share masa. Abin da nake tsoro ke nan, ba mutuwa ba. Ranar da na faɗi a tsakar gida, da na farfaɗo na ga mutane a kaina, ban duba hannu ba, ban duba ƙafa ba. Cewa na yi Jumma. Suka ɗauka nemanki nake, suna ta ce min tana Badun, za a aika mata. Ni kuwa na ji ya fito daidai, sai hankalina ya kwanta.

Yanzu kullum da safe, kafin in haɗiyi ƙwayar, sai na kira shi sau ɗaya. Har yau bai ƙi fitowa ba.

Gwaggonki,
Hure